Yadda za ki karɓi alawus da tallafin lafiya ta asusunki ba tare da kuɗin sun maƙale a hanya ba

Aikina sa ido a kan tawagogin mata masu shiga gida-gida a wata mazaɓa da ke ɓangaren Dala. Mu ne masu ɗiga wa yara maganin shan-inna, mu ne masu raba maganin zazzaɓin cizon sauro na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, wani lokaci har da rabon gidan sauro. In an kammala zagaye, ni nake cike takardar biya: suna, lambar asusu, sunan banki, lambar waya, kwanakin aiki. Daga wannan takarda ake tura wa kowa haƙƙinta. Da ke nake magana, 'yar'uwa, ko ma'aikaciyar sa-kai ce ke, ko mai juna biyu, ko mai goyo da aka sa sunanta a wani shirin tallafi.

Na'urar da ke biyan kuɗin nan ba ta san fuskarki ba, ba ta san ranar da kika sha a lungu da akwatin ƙanƙara a kafaɗa ba. Suna da lamba kaɗai take dubawa. In suka dace da abin da ke banki, kuɗi su shiga. In suka saɓa, su koma inda suka fito, ke kuma kina gida kina jiran alat. Shi ya sa duk gyaran da za a yi, kafin a fara aiki ake yinsa.

Ba mu kaɗai aka mayar kan wannan tsari ba. Indiya ta fara ba mata kuɗi don su haihu a asibiti tun 2005, a shirin Janani Suraksha Yojana, inda matar karkara a jihohinsu masu rauni take samun rufi 1,400, daga baya kuma suka mai da biyan ta asusun banki. A Saliyo, lokacin annobar Ebola ta 2014, masu jinya da masu binne gawa sun sha ajiye aiki saboda rashin biyan alawus. Da aka koma tura musu ta waya, jiran da yake wuce wata guda ya dawo kusan mako ɗaya. A nan gida, shirin SURE-P na zamanin Shugaba Goodluck Jonathan ya gwada ba mai ciki Naira 5,000 a wasu jihohi, kashi-kashi: in ta yi rajistar awo, in ta cika zuwa awo, in ta haihu a hannun ma'aikaciyar lafiya, in kuma ta dawo da jariri bayan haihuwa. Tallafin Naira 25,000 na wata uku da gwamnatin tarayya ta sanar a 2023 shi ma ta asusu aka tsara shi, da sharaɗin NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, ko BVN, wato lambar shaidar mutum a banki. Har yanzu akwai masu bayarwa hannu da hannu, kamar ƙungiyar New Incentives da ke ba iyayen yara kuɗi a wurin rigakafi a jihohin Arewa da dama, amma yawancin kuɗin da ke fitowa daga gwamnati, hanyar asusu suka nufa.

Ni ina goyon bayan hakan, kuma ina da dalili. Na yi aiki a zamanin da ake ba da kuɗi hannu da hannu a cikin ambulan. Kuɗi su biyo ta hannu uku ko huɗu kafin su iso, kowane hannu ya ɗan gutsura, a ce kuɗin mai, a ce kuɗin takarda, a cusa sunayen waɗanda ba su taɓa ɗaukar alli sun yi wa ƙofa alama ba. Yanzu kowane asusu yana ɗaure da BVN ɗin mutum guda, cusa sunan bogi ya yi wuya, kuma akwai shaidar ranar da aka biya da adadin da aka biya. Sai dai nauyin tsarin ya fi sauka a kan wadda ta fi kowa buƙata: marar waya, marar katin ɗan ƙasa, wadda ba ta karanta boko. Dominta nake wannan bayani.

Sunan da banki ya sani

Mu kowa da sunansa na yanka, da laƙabin gida, da wanda malamin firamare ya rubuta masa. Mace ɗaya ce, amma a gida Ummi, a katin zaɓe Aishatu da sunan mahaifinta, a banki Aisha da sunan mijinta, ni kuma ta ce in rubuta mata Hajiya Ummi. A wajen na'ura waɗannan mutum huɗu ne. Hanyar gane sunan gaskiya mai sauƙi ce: ki ba wata lambar asusunki ta yi kamar za ta turo miki kuɗi. Kafin ta danna turawa, sunan da ke kan asusun zai fito. Wannan sunan, harafi bayan harafi, da jerin da ya zo, shi za ki bayar a rubuta. Kada ki ƙara Hajiya ko Malama, kada ki gajarta.

Daga nan ki duba ko sunan da ranar haihuwar da ke kan BVN sun yi daidai da na NIN. Kowanne lamba 11 ne. In kin manta BVN ɗinki, danna *565*0# a layin da kika yi rajista da shi. NIN kuma *346#. Za a cire 'yan kuɗi kaɗan daga katin wayarki. In akwai saɓani, gyaran NIN a hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, ake yinsa kuma ana biyan kuɗi, gyaran BVN kuwa a bankinki, galibi da takardar rantsuwar kotu da katin shaida. Abin yana cin lokaci. Rabon maganin damina daga wajen Yuli yake farawa zuwa Oktoba, don haka mai matsalar suna tun da bazara ya kamata ta tashi.

Shawarata ga amare: ki bar sunan mahaifinki a duk takardunki. Shi ne sunan da ba ya canzawa, kuma shi addini ya san ki da shi. Yawancin rikicin sunan da nake gani daga sauya suna bayan aure yake tasowa, an canza a wuri ɗaya an bar sauran.

Asusun ya zama naki

Nan ne na fi daɗewa da mata a ranar horo. Sai in tambayi dattijuwa, "Inna, asusun wa kika ba ni?" Ta ce, "Na Yayansu ne, 'yar nan, ai duk ɗaya ne." In ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ɗaya ba ne." Sunanta ke kan takardar aiki, sunan ɗanta ke kan asusu, kuma a shirye-shirye da yawa wannan kaɗai ya isa a riƙe kuɗin. Wani lokaci kishiyoyi biyu ko uwa da 'ya su ba da asusu guda, na'ura ta ga lamba ɗaya sau biyu, ta ɗauka maguɗi ne, ta tsayar da duka biyun. Ko da kuɗin sun shiga, alat ɗin wayar wani zai je. Ba ki san ranar ba, ba ki san adadin ba, in kuma ba a biya cikakke ba, ba ki da bakin ƙorafi domin asusun ba naki ba ne.

Ba ina zuga kowa ta ɓoye wa maigidanta abu ba ne. Ki gaya masa, ki nemi ya raka ki ma. Mafi yawan mazan da na yi wa bayani da kaina sun gane, musamman da suka ji cewa asusunsu zai iya jawo a hana kuɗin gaba ɗaya. Kuma abin da mace ta samu da guminta nata ne a shari'a, wannan ba sabon zance ba ne a Kano. Tallafin awo da na rigakafi kuwa an ba da shi ne don kuɗin adaidaita sahu zuwa asibiti, da magani, da ɗan abin da mai ciki za ta ci. Wadda ke ɗauke da cikin ita ta fi sanin ranar da ake buƙatarsu.

Buɗe asusun ba ya buƙatar jari. Akwai asusun matakin farko da Babban Bankin Najeriya ya amince da shi don masu ƙaramin ƙarfi: suna, hoto, adireshi, lambar waya, sai BVN ko NIN, wanda aka wajabta tun ƙarshen 2023. Iyakarsa ita ce Naira 50,000 a shiga ɗaya, da Naira 300,000 a ajiye. Ki lura da wannan iyaka. In an tara miki alawus na zagaye da yawa za a biya a dunƙule har ya haura dubu hamsin, zai iya ƙin shiga, sai kin ɗaga matakin asusun da ƙarin takardu. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankunan Jaiz da TAJ. Akwai kuma asusun waya irin su OPay, PalmPay, Moniepoint, MoMo na MTN da SmartCash na Airtel, waɗanda ake buɗewa ba tare da an shiga layin banki ba. Amma ki tambaya tukuna ko shirin da kike ciki yana karɓar irinsu, domin wasu sai asusun bankin kasuwanci suke yarda da shi. A wasu daga cikin asusun wayar, lambar asusun ita ce lambar wayarki in an cire sifilin farko. Ko ta ina dai, lambar asusu 10 ce. Ki ƙirga da yatsa kafin ki miƙa.

Sunan bankin ma a kula da shi. Har yau ana rubuto mini Diamond, alhali ya narke cikin Access tun 2019, ko Skye, wanda ya koma Polaris a 2018. Heritage kuwa an soke lasisinsa a Yunin 2024, asusunsa ba ya karɓar komai. Tsohon asusun da aka yi watanni ba a taɓa ba shi ma yakan yi barci. Ki sa a turo miki ko Naira 100 ce, ki ga ta shiga, ki kuma gwada cirewa, kafin ki ba da shi.

Layin waya

Layinki shi ne mukullin asusun. Ta nan alat ke zuwa, ta nan lambar tabbatarwa ke zuwa, da shi kike danna lambobin banki a ƙaramar waya, irin su *894# na First Bank, *919# na UBA, *737# na GTBank, *901# na Access, *966# na Zenith. Ba kya buƙatar babbar waya ko data. Abin da ake buƙata shi ne layin ya zama da NIN ɗinki aka yi masa rajista, kamar yadda aka wajabta tun Disambar 2020. Layin da ƙaninki ya saya miki da sunansa, ranar da ya ɓata ba za ki iya yin walkam bak ba sai da shi a tsaye. Layin da aka jefa a kwalla aka manta da shi wata da watanni kuwa kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani, alat ɗinki ya koma shiga wayar baƙo. Ki riƙa sa masa kati kina kira lokaci-lokaci. In kin canza layi, ki je banki ki canza a can ma, ki kuma sanar da mai cike takarda.

Ki sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, ban da ta buɗe waya. Masu ƙwacen waya sim suke nema, su zare shi su sa a wata wayar su kwashe abin da ke asusu. Ranar da wayarki ta ɓata, kafin komai ki sa a toshe asusun da layin.

Shaidar aiki da ranar cirewa

Ana biya ne a kan shaida. Ma'aikaciya ta sa hannu a takardar halarta kowace rana da kanta, ta kuma ɗauki hotonta in da hali. Mai ciki ta tabbatar an rubuta kwanan wata an sa hannu a katin awonta duk zuwa. Mai goyo ta riƙe katin rigakafi da kyau: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, wata 15. Ki sa katin a leda, domin damina da hannun yara ba sa barin takarda. Ki kuma tambaya tun farko nawa ne kuɗin, kashi nawa za a biya, kuma yaushe. Wadda ba ta san adadin haƙƙinta ba, ba za ta gane an rage ba. Rigakafin yara kyauta ne, shiga shirin tallafi kyauta ne. Duk wanda ya ce ki kawo wani abu ya sa sunanki, ko ki mayar masa da wani kaso bayan alat ya shigo, ki kai maganarsa gaba.

In alat ya zo, ki duba abin da ke cikin asusun da kanki ta lambar bankinki, domin saƙon bogi ma ana turawa. Haka kuma rashin alat ba ya nufin ba a biya ba, sau da yawa kuɗin suna ciki saƙon ne bai iso ba.

A wajen mai POS, ki tambayi cajinsa kafin ki miƙa kati. In kuɗin kaɗan ne, cire su sau ɗaya ya fi cirewa gutsi-gutsi, domin kowane cirewa da cajinsa. Ki danna lambar sirrinki da hannunki, ki kare da ɗaya hannun. Kada ki faɗe ta da baki, kada ki rubuta ta a jikin katin, kada ta zama shekarar haihuwarki. Ki ƙirga kuɗinki a gabansa, ki karɓi rasit. In na'ura ta ce bai yi ba, amma aka cire miki, kada ki sake gwadawa nan take. Ki riƙe rasit ɗin da ya nuna bai yi ba, shi ne hujjarki. Ƙa'idar Babban Banki ita ce a mayar da irin wannan kuɗi na POS cikin awa 72.

Na san da yawanmu ba ma fita sai da dalili, yara ake aika. Aiken yaro da kati da lambar sirri haɗari ne. Abin da ya fi shi ne ki sami mai POS na unguwa da kika sani, ki tura masa kuɗin daga wayarki kina ɗaki, ki ga sunansa ya fito daidai, sannan yaro ya je ya karɓo. Katin bai fita ba, lambar ba ta fita ba. Wani abin ma ba sai an cire ba. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, mai kyamis da mai shago da masu adaidaita da yawa suna karɓar tiransifa, kin ga kin tsira daga cajin cirewa.

'Yan damfara sun san lokacin da ake biyan alawus. Za a kira ki da murya mai daɗi, a ambaci sunanki, a ce daga banki ne ko daga ma'aikatar lafiya, kuɗinki sun maƙale, ki karanto lambar da aka turo miki yanzu. Ki kashe wayar. Babu banki ko hukumar da ke tambayar lambar sirri, ko lambar tabbatarwa, ko lambobin da ke jikin katin ATM. Haka saƙonnin WhatsApp da Facebook masu cewa a latsa nan a cike fom ɗin tallafin masu ciki. Shirin gaskiya ta asibitin unguwa yake biyowa, mai unguwa ya san da shi, ma'aikatan da kika saba gani su ne za su rubuta ki.

Ga 'yan'uwana masu cike takarda

Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma a kowace mazaɓa akwai irina mai riƙe da biro. Kuskurenmu na harafi ɗaya yana iya hana wata kuɗin cefanen wata guda. Kada mu karɓi lambar asusu da ka. A ranar horo, kowace ta zo da wayarta, a gwada lambar a ga sunan da ya fito, a karanta mata ta amsa. Mai shigar da bayanai a Excel ya kula, manhajar takan cinye sifilin farkon lamba, lamba 10 ta koma 9, don haka a mai da gurbin na rubutu kafin a fara shigarwa. Takardar da ke ɗauke da BVN da lambobin mata amana ce, ba a barinta a kan benci, ba a jefa hotonta a zauren WhatsApp.

Ina kuma da roƙo ga masu tsara shirye-shiryen. A faɗi ranar biya a kuma cika ta, domin tallafin awo da ya iso bayan an yi suna bai yi aikin da aka ba da shi dominsa ba. A ɗora kuɗin caji a kan tallafin, kada mai karɓar dubu biyu ta bar wani kaso a rumfar POS. A kawo masu rajistar NIN da wakilan banki harabar asibiti ranar awo. A riƙa aika saƙon biya da Hausa. Wadda ba ta da waya ko kati kuma a tanadar mata wata hanya kafin ta samu, kada a share sunanta.

In kuɗin ba su zo ba

Ki fara da duba asusun. In babu, ki tambayi abokan aikinki ko an biya su. In ba a biya kowa ba, jinkirin daga sama ne, sai a bi shi a ƙungiyance ta hannun mai kula da mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma. In an biya kowa ban da ke, ki je wajen wadda ta cike takarda ku duba layinki tare: suna, lamba, banki. Ki nemi a gaya miki ɗaya daga cikin uku, ko ba a tura ba, ko an tura ya dawo, ko an tura ya shiga. In ya dawo, a gyara bayanin a sa ki a jerin waɗanda za a sake biya, ki kuma rubuta ranar da aka yi gyaran da sunan wanda ya karɓa. In an ce ya shiga, ki nemi lambar shaidar turawar, ki tafi da ita bankinki, ki karɓi takardar shige da ficen kuɗin asusunki na wannan watan. Ki shigar da ƙorafi a rubuce, su ba ki lambar ƙorafin. In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, kina da damar kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, tare da lambar ƙorafin da kwafin takardar asusun.